Minti Shida na Ƙarshe: Shekara Huɗun Takehiro Tomiyasu a Arsenal

Ranar 5 ga Oktoba 2024 Arsenal ta karɓi baƙuncin Southampton a filin Emirates. Tana gaba da ci 2-1, an kai minti na 84, sai aka ɗaga allon canji, lamba 18 ta fito a kai. A gidan kallon da nake, wani yaro da ke bencin baya ya miƙe tsaye ya ce, "Alhamdu lillahi, Tomi ya warke!" Muka tafa, kamar yadda na cikin filin suka tafa. Minti shida suka rage a agogo, ya buga su, Saka ya ƙara ta uku, aka tashi. Daga wannan rana Takehiro Tomiyasu, ɗan bayan nan ɗan ƙasar Japan, bai sake saka rigar Arsenal a wasa ba. A watan Yuli 2025 shi da ƙungiyar suka amince a soke kwantiraginsa, alhali saura shekara guda ya ƙare. Yana da shekara 26 a duniya, shekarun da ɗan baya yake fara nuna, kuma ko sisi Arsenal ba ta karɓa a kansa ba.

Abin da nake son bi a nan shi ne yadda aka kai ga haka. Ɗan wasan da koci ke so, magoya baya ke so, wanda ya taɓa hana Mohamed Salah na Liverpool sakat, me ya cinye shi cikin shekara huɗu? Amsar da kowa ke bayarwa ita ce rauni, kuma gaskiya ce. Amma raunin yana da tarihi, akwai ranakun da aka yanke shawara, akwai kuma waɗanda suka yanke ta.

An haife shi ranar 5 ga Nuwamba 1998 a Fukuoka, babban birni a tsibirin Kyushu da ke kudancin Japan. Tun yana firamare ya ratsa makarantar ƙwallon da Barcelona ta buɗe a garin, daga nan ya shiga sashen yara na Avispa Fukuoka. Ya yi dace da kocin da ya tarar a babbar ƙungiyar, wato Masami Ihara, tsohon kyaftin ɗin Japan wanda shi kansa ɗan baya ne na tsakiya, ya kuma buga wa ƙasarsa wasa 122. A hannunsa yaron ya fara bugawa yana ɗan makarantar sakandare, wani lokaci a tsakiyar baya, wani lokaci a gaban 'yan baya yana tare hanya. Tun a nan aka gane abu biyu: dogo ne, kusan mita 1.88, kuma ƙafarsa ta hagu ba ta da wani bambanci sosai da ta dama.

Hanyar da ya bi zuwa Turai ta cancanci a tsaya a kanta, domin da gangan aka shimfiɗa ta. A ƙarshen 2017 kamfanin DMM na Japan ya sayi Sint-Truiden, ƙaramar ƙungiya a Beljiyam, da niyyar ta zama zangon farko ga matasan Japan masu son shiga ƙwallon Turai. Tomiyasu ya isa can a Janairu 2018. Watanninsa na farko kusan a benci ya yi su. A kakar 2018-19 kuwa ya kama gurbinsa ya riƙe, yana bugawa tare da 'yan ƙasarsa biyu, Wataru Endo da Daichi Kamada, aka kuma zaɓe shi gwarzon ƙungiyar na shekara. Duk wanda ya ga inda waɗannan ukun suka kai daga baya ya san tsarin ya yi aiki. A cikin wannan kakar ce ya fara buga wa babbar tawagar Japan, ya je gasar nahiyar Asiya a Janairu 2019, ya sa kai ya ci ƙwallon da ta fitar da Saudiyya da ci 1-0, suka kai wasan ƙarshe Katar ta doke su 3-1. A wasansu na farko a gasar, da Turkmenistan, a tsakiyar fili koci Hajime Moriyasu ya ajiye shi. A lura da wannan, domin zai yi ta maimaituwa: duk inda aka sami giɓi, shi ake kira.

Bologna ta saye shi a Yuli 2019 a matsayin ɗan baya na tsakiya. A cikin watan ne kocin ƙungiyar, Siniša Mihajlović, ya sanar da cewa yana fama da cutar sankarar jini, har ma daga gadon asibiti ya taso ya halarci wasan farko na kakar a Verona. Mihajlović ya dubi yaron ya mayar da shi lamba biyu, wato baya ta dama. Sai dai lamba biyun ba irin wadda muka saba gani ba ce, mai sheƙawa gaba yana jefo ƙwallo. Idan ƙwallo tana hannun Bologna, na hagu ne ke hawa, shi kuma ya matso ciki su zama uku a baya. Shekara biyu ya yi a Italiya yana wannan aiki, ƙasar da tsaron baya ya zama kamar gado. Ƙwallonsa ta farko a can, a ragar AC Milan a Yuli 2020, da ƙafar hagu ya narka ta daga bakin da'ira, ko da yake an lallasa su 5-1 a ranar.

Halin da ya tarar a Landan ba mai daɗi ba ne. Arsenal ta buɗe kakar 2021-22 da shan kashi uku a jere: Brentford 2-0, Chelsea 2-0, Manchester City 5-0. An zura mata tara, ba ta ci ko ɗaya ba, tana can ƙasan teburi. Duk mai goyon bayan Arsenal a Kano ko Kaduna ya tuna makonnin nan, lokacin da shiga majalisa da yamma ya zama sai an daure. Ranar 31 ga Agusta, ranar rufe kasuwar 'yan wasa, aka sanar da sayen wani ɗan Japan daga Bologna a kan kuɗin da bai kai fam miliyan 20 ba, Héctor Bellerín kuma ya tafi Real Betis aro. A wani gidan talabijin na Ingila har an karanto saƙon wani dillalin 'yan wasa da ke cewa an yi tallan yaron ga ƙungiyoyi da dama, kuma shi ba cikakken lamba biyu ba ne, ba cikakken ɗan tsakiyar baya ba ne. Da nufin kushe aka faɗi maganar. Kocin Arsenal Mikel Arteta kuwa abin da ya fita nema ke nan.

Ya fara wasa ranar 11 ga Satumba da Norwich, Arsenal ta ci 1-0. Daga nan ta yi wasa takwas a gasar Firimiya ba a doke ta ba, ciki har da 3-1 ɗin da ta yi wa Tottenham, kuma magoya baya suka zaɓe shi gwarzon watan Satumba. Ba shi kaɗai ya gyara bayan ba, akwai Ben White da Gabriel da Aaron Ramsdale a raga, amma ɓangaren dama da ya daɗe yana yoyo ya toshe. Abin da ya fi burge ni a lokacin shi ne ƙwallon sama. 'Yan hamayya sun saba auna ɗan bayan gefe da doguwar ƙwallo saboda yawanci gajeru ne, sai ga wanda ke tashi ya share ta kamar lamba biyar, wato ɗan baya na tsakiya. Bukayo Saka, da ke gabansa a gefen dama, ya sami wanda zai juya wa baya hankali kwance. A Disamba, a gidan Everton, wani ɗan wasa ya taka masa fuska da takalmi yana ƙasa, ba a ba da kati ba, ya tashi ya ci gaba da wasa ba tare da wani ƙorafi ba.

A nan ne matsalar ta fara, kuma a ganina nan ne gaɓar da ta fi muhimmanci a dukan labarin. Ranar 18 ga Disamba 2021, a wasa da Leeds, ya fita da ciwo a sharaɓa. Ciwon sharaɓa mayaudari ne. Mutum zai yi tafiya lafiya, ya yi sassarfa lafiya, sai ranar da ya zabura da gudu daga tsaye tsokar ta sake ɓallewa. Ɗan bayan gefe kuwa rayuwarsa ke nan, zabura da birki da juyawa, sau da dama a kowane wasa. Ya dawo ya buga da Manchester City ranar 1 ga Janairu 2022. Ranar 20 ga wata aka sake saka shi a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Carabao da Liverpool, bai gama murmurewa ba, domin rauni da dakatarwa da gasar kofin Afirka sun rage 'yan wasan Arsenal sosai. Duk wanda ya kalli wasan ya ga ba Tomiyasun Satumba ba ne. Diogo Jota ya wuce shi ya ci ta farko, aka tashi 2-0. Bayan wannan dare sai ƙarshen Afrilu aka sake ganin sa, wata uku cur, domin da ɗaya sharaɓar ta warke sai ɗayar ta kama. Ya dawo, ya buga wasanni kaɗan, ranar 16 ga Mayu a Newcastle tsokar bayan cinya ta fitar da shi tun kafin hutun rabin lokaci. Arsenal ta sha kashi 2-0, Tottenham ta ƙwace mataki na huɗu, mai kaiwa gasar zakarun Turai.

Ba na cewa wasan Liverpool shi ya jawo duk abin da ya biyo baya, jikin ɗan Adam ba lissafi ba ne. Amma tsarin da aka ɗora a wannan wata bai sake canzawa ba: ya ji ciwo, a buƙace shi da gaggawa saboda babu wanda zai iya aikinsa, ya amsa, ya sake jin ciwo. Shi kuma ba mutumin da zai ce a'a ba ne. Wannan hali abin yabo ne a wurin ɗan wasa, sai dai yana ɗora wa koci da likitocin ƙungiya nauyin su ce a'a a madadinsa.

Da ya dawo daga hutun bazara, gurbinsa ya tafi. William Saliba ya dawo daga aro a Marseille ya kama tsakiya, White ya koma lamba biyu ya zauna daram, aka kuma sayo Oleksandr Zinchenko a hagu. Tomiyasu ya zama na benci. Sai ranar 9 ga Oktoba 2022, Liverpool ta zo Emirates, Zinchenko ba shi da lafiya. Kowa ya ɗauka Kieran Tierney za a saka, tunda shi ne lamba uku na asali, wato ɗan bayan hagu. Da aka fito da sunaye, a gidan kallo aka fara gunaguni: "Wai me Arteta yake nufi? Mai ƙafar dama a hagu, kuma gaban Salah?"

Hikimar ta fito fili cikin minti kaɗan. Salah a dama yake tsayuwa, amma hagu ce makaminsa. In ya karɓi ƙwallo sai ya yanko ciki ya nemi kusurwar raga. Ɗan bayan hagu mai ƙafar hagu, ƙafarsa mai ƙarfi tana wajen layi, mai raunin ce ke ciki, daidai inda Salah ke son bi. Tomiyasu kuwa damarsa ce a ciki, ta tare ƙofar, in kuma Salah ya zaɓi bin layi, hagunsa ma ba ta da kasala. Ga tsawo, duk doguwar ƙwallon da aka aiko ɓangaren shi ke fara taɓa ta. Na tuna yadda yake tsayuwa: ba ya faɗa wa ƙwallo, yana ja da baya a karkace, taku ɗaya tsakaninsu, idonsa a ƙwallon, yana jiran Salah ya fara motsi. Minti na 69 kocin Liverpool Jürgen Klopp ya cire Salah daga fili alhali wasa yana 2-2. Arsenal ta ci 3-2. Mutumin da ya fi kowa gunaguni a farko shi ne ya juyo ya ce, "Malam, wannan ɗan Japan ɗin ya sa shi a aljihu."

Kafin a cika wata guda da haka, a farkon Nuwamba, ya sake fita da ciwon tsoka a wasa da Zürich, saura makonni kaɗan a fara gasar kofin duniya a Katar. Japan ta tafi da shi a haka. A wasan farko Jamus tana gaba 1-0 a hutun rabin lokaci, Moriyasu ya shigo da shi, ya mayar da baya mutum uku, Japan ta juya wasan ta ci 2-1. Bai buga wasan Kosta Rika ba, aka doke su 1-0. Da Sifaniya aka shigo da shi a zagaye na biyu, wannan karon a gefen dama, don ya tare Ansu Fati da Jordi Alba, suka riƙe 2-1 har aka tashi. Da Kuroshiya ya buga tun daga farko har ƙarin lokaci, aka fitar da su a bugun fenareti. Gasa ɗaya, gurbi biyu, da jikin da ba a gama gyarawa ba.

Akwai abin da masu kallo daga nesa ba su cika lissafawa ba game da 'yan wasan Japan da ke Turai. Tsakanin Landan da Tokyo ya haura kilomita 9,000, bambancin lokaci awa takwas ne ko tara, gwargwadon yanayin shekara. Tun 2022 da jiragen da dama suka daina ratsa sararin samaniyar Rasha, tafiyar ta ƙara tsawo. Ɗan wasa zai buga ranar Lahadi a Ingila, ya kwana a jirgi, ya buga wasa biyu a Asiya, ya juyo ya tarar da wasan Asabar. Tomiyasu ya ɗauki wannan kaya tun yana shekara 19. A 2019 kaɗai ya yi gasar Asiya a Janairu da Copa América a Brazil a Yuni, a 2021 kuma ya yi wasannin Olamfik na Tokyo makonni kaɗan kafin ya zo Arsenal. Hutun bazara na sosai, irin wanda tsoka ke buƙata, kaɗan ya samu.

Shi ma yana da ranar da ya yi kuskure, kuma bai dace a ɓoye ta ba. Ranar 15 ga Fabrairu 2023, a wasa da Manchester City, ya mayar wa gola ƙwallo ba tare da ya duba ba, ta yi gajarta, Kevin De Bruyne ya ɗaga ta saman Ramsdale, City ta ci 3-1.

Amma daren da ya fi tsada shi ne na 16 ga Maris 2023, da Sporting ta Lisbon a gasar Europa. Ba a yi minti goma ba ya zame shi kaɗai, gwiwa ta murɗe. Kafin a kai rabin awa Saliba ma ya fita da ciwon baya. Dukansu biyu ba su sake bugawa a kakar ba, Tomiyasu sai da aka yi masa tiyata. Mutane sun fi tuna rashin Saliba, kuma da dalili. Sai dai a duba da kyau: da Tomiyasu yana nan, da White ya koma tsakiya inda ya buga kakar da ta gabata, shi kuma ya karɓi lamba biyu, bayan ya ci gaba da tafiya kusan yadda yake. Shi ne tanadin da aka yi domin irin wannan rana, sai tanadin ya riga abin da aka tanada dominsa faɗuwa. Arsenal da ke saman teburi da tazarar maki takwas ta yi 2-2 da Liverpool, 2-2 da West Ham, 3-3 da Southampton, City ta yi mata 4-1. An zura mata ƙwallo 11 a wasa huɗu. Ta ƙare da maki 84, City da 89.

Kakar 2023-24 ta nuna fuskokinsa biyu a tare. Jurriën Timber ya ji mummunan rauni a gwiwa tun wasan farko, aka sake komawa ga Tomiyasu a hagu. An ba shi jan kati a gidan Crystal Palace, katin farkon ma na jinkirin jifa ne. A Satumba ya tsaya a tsakiyar bayan Japan suka doke Jamus 4-1 a Wolfsburg, washegari aka sallami kocin Jamus Hansi Flick. Ranar 8 ga Oktoba ya shigo daga benci da City, Thomas Partey ya ɗago doguwar ƙwallo, sai ga ɗan baya a bakin da'irar abokan hamayya ya sauke ta da kai, Kai Havertz ya ajiye wa Martinelli, aka ci 1-0. Ya ci wa Arsenal ƙwallonsa ta farko a ragar Sheffield United a ƙarshen watan. Farkon Disamba, da Wolves, sharaɓa ta sake tashi. Da ya fara samun sauƙi sai ga gasar Asiya a Katar, ya tafi, Iran ta fitar da su a zagayen kwata, ya dawo Landan da wani ciwon, sai ƙarshen Maris ya sake taka leda.

A cikin wannan jinyar ne, a Maris 2024, Arsenal ta sabunta masa kwantiragi zuwa 2026. Wasu sun ce ganganci ne. Ni ban ga haka ba. Gajeren kwantiragi ne, kuma abin da ya biyo baya ya nuna dalilinsa: shi ya riƙe lamba uku a wasannin ƙarshen kakar, har da 5-0 da aka yi wa Chelsea, da nasara a gidan Tottenham da kuma Old Trafford. Ranar ƙarshe, 19 ga Mayu, Everton ta fara ci, shi ne ya farke kafin hutu daga ƙwallon da Ødegaard ya mayar masa. Arsenal ta ci 2-1, ta tara maki 89, City ta ɗauke kofin da 91. Inda nake ganin an gaza shi ne tun a 2022, lokacin da ya kamata a zaunar da shi har ya warke sarai ko da za a rasa wasa ɗaya ko biyu, da kuma rashin wata fahimta tsakanin ƙungiya da hukumar ƙwallon Japan a kan gasar da ya kamata a yafe masa. Kowane ɓangare yana da hujjar da za ta sa ya kira shi, kuma duka kiran a kan ƙafafu biyu suke sauka.

A shirye-shiryen kakar 2024-25 gwiwa ta sake ciwo, bai bi tawaga zuwa Amurka ba. Sai waɗancan mintuna shida da Southampton, sai shiru na watanni, sai tiyata a Fabrairu 2025. Jimillar abin da ya buga wa Arsenal wasa 84 ne da ƙwallo biyu, a shekarun da ƙungiyar ta buga kusan wasa 200. A bazarar da ya tafi, Arsenal ta sayo Cristhian Mosquera daga Valencia, ta kuma karɓo aron Piero Hincapié daga Leverkusen. Dukansu 'yan bayan tsakiya ne da ke iya komawa gefe: ɗaya dama, ɗaya hagu.